Makulli Ɗaya

Kwalbar ba ta kai ɗan yatsana ba.
A cikin kula ta iso, ƙanƙara ta lulluɓe ta.
Mai adaidaita ya ratso da ita cunkoson Fagge,
ya ce, "Hajiya, duk wannan gudun don ɗigon ruwa?"
Na biya shi, ban tanka ba.
Wata tara muka jira ta, kamar ciki.

Sojojin garkuwar jiki ne a ciki,
amma ba irin namu ba, taron kasuwa.
Waɗannan ƙwaya guda ta haife su duka,
uwa ɗaya, kama ɗaya.
Fuska guda suka sani a duniya,
ko cikin dubu ta ɓuya, sai sun riƙe mata riga.

Babana makullai yake yankawa a Kasuwar Rimi.
Yakan ɗaga ƙarfe ya kanne ido,
ya ce, "Saudatu, kowane kwaɗo
da haƙorin da yake jira."
Shekara ashirin da shida magagari na bin hannunsa,
sai ranar da hannun ya ƙi bin magagari.
Yatsu suka fara, kafaɗa ta karɓa,
rawa babu makaɗi.
Wasu suka ce iska, wasu sammu,
wani maƙwabci ya ce ko ya fara shaye-shaye.
Shi da ko goro bai dame shi ba.

Haka uwarsa ta tafi a Mandawari,
a ɗakin da ake sakaya ƙofa in an yi baƙi.
Gado ne, amma ba gida ba, ba gona ba,
ba alƙalin da ke zama ya raba.
Haruffa uku ne a rubutun jini
suka yi i'ina,
suka maimaita, suka maimaita,
har furotin ya fito da wutsiyar da ta fi ƙarfinsa,
ya dunƙule a ƙwaƙwalwa kamar tuwon da ya kwana.

Ranar Talata wuta ta ɗauke ƙarfe biyu.
Ni da Uwani muka yi karo-karo,
lita huɗu, don firji kada ya huce.
Na zauna gadin kwalba har magariba
kamar yadda na yi gadin numfashinsa.

Gwaggo Tasallah ta ji labari, ta zo har gida.
"An ce magani ya zo daga waje."
Na ce, Gwaggo, a jikinta ma an rubuta:
don bincike kawai.
Ba ta warkarwa. Nuni take yi.
Ta gyara mayafi, ta ce,
"To, ai sanin gidan ɓarawo ma wani abu ne."

Yankan ƙwaƙwalwar ɓera a kan gilashi,
ya fi ɓawon albasa sirantaka.
Na ɗiga, na jira, na wanke sau uku,
na kashe fitila, na sa ido a madubi.
Duhu.
Na murɗa kaɗan.
Sai ga su, kore-kore, nan da can,
kamar ka hau Goron Dutse da dare
ka ga unguwannin da aka kawo wa wuta.
Ashe kai ne.
Kai ka ƙwace magagari,
ka sa ya kira ni da sunan ƙanwarsa.
Ban zage ka ba. Hoto na ɗauka,
na rubuta kwanan wata.

Jiya kofi ya suɓuce wa Sagir, ƙanena.
Muka yi dariya, kowa ya kau da kai.
Ni ma ban ba da jinina ba tukuna.
Ko a ce akwai, ko a ce babu,
kuma takardar tana aljihun jaka tun bara
tare da wani makulli da Baba bai gama ba,
haƙora biyu, sauran sumul.

Gobe akwai gilashi goma sha biyu.
Kafin in sa safar hannu
nakan miƙa yatsuna a gaban taga,
in ƙirga zuwa goma.
Yau sun tsaya.